Sau Tara a Gindin Dutsen Zi Ain

Ni ban taɓa yin Kirsimeti ba. Ubana bai yi ba. Kakana da ya tako da ƙafa daga ƙasar Hausa har bakin Bahar Maliya bai ma san da zamanta ba. Amma shekara ashirin da biyu ke nan ita ce hutuna. Direba ne ni a wani kamfanin gine-gine a nan Jidda, rabin injiniyoyinsa Turawa ne, waɗanda muke ce wa hawaja. Da Disamba ta kai ashirin sai su tattara su tafi garinsu cin talotalo, a bar ni da mota da makulli da kwana goma waɗanda ban san yadda zan yi da su ba. Ranar sallah kuwa ina kan sitiyari, don lokacin ne ofis ke rufe, su kuma yawo ya motsa musu. Haka aka raba mana: sallata tasu, tasu tawa.

Yawon nasu iri ɗaya ne. Bature ba ya son sabon abu, ya baro sabo a gida. Tsohon gari yake so, bangon da ya tsage, ƙofar da gara ta ci ta ƙoshi ta bari. Na kai su Ula, na kai su tsohuwar Yanbu, na kai su Rijal Alma can kudu cikin duwatsu. Zi Ain kuwa, ƙauyen nan na gidajen dutse da ke kan wani farin tsauni a ƙasar Baha, sau tara na je.

Ban taɓa shiga ko ɗaya ba. Gara in faɗa tun yanzu.

Aikin direba yana da tsarinsa. Ka tsaya a mauƙif, wato wurin ajiye motoci. Ka fita, ka zagaya, ka buɗe ƙofar baya. Ka ce musu da guntun Turancinka kada su yi sauri, kana nan. Ka koma, ka kwantar da kujera, ka tuɓe takalmi, ka rufe fuska da hula. Ba wanda ya taɓa hana ni shiga, kada in ɗauki alhakin kowa. Da fari tsoron barin mota ne, da jakunkuna da fasfo a ciki. Daga baya ya zama jiki. Da aka rushe Karantina, unguwar da aka haife ni, aka haifi uwata, sai ya zama gaba. Na ce gidan kakan wani ana sa masa fitilu ana ɗaukarsa hoto, gidan kakana ko inda ƙofarsa take ba zan iya nunawa ba yau, ni kuwa in hau dutse in yi ta gyaɗa kai? Allah ya sawwaƙe.

Duk wannan da sauƙi in ba don 'yata ba.

Ita kaɗai Allah ya ba mu. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka bakina ba ya iya kiran sunanta, Uwata nake ce mata. Tun tana 'yar shekara biyar, in na dawo daga irin wannan tafiya, kafin in wanke ƙafa ta riƙe mini gefen riga sai na faɗa mata abin da na gani. Me zan ce wa yarinya? In ce na ga tayar motar da ke gefena? Sai na riƙa ba ta abin da na tsinta. Hawaja in sun dawo mota surutu suke yi kamar 'yan biki, ni kuma kunnena ya fi bakina Turanci. Sukan bar takardu masu hotuna a aljihun kujera. Da wannan da wancan nake haɗawa, inda ya yi rami in cike da nawa. Na ba ta gari mai lunguna da mutum biyu ba sa iya giftawa. Na ba ta ƙofofi gajeru da aka yi don duk mai shiga ya rusuna wa masu gida ko bai so ba. Wannan ni na ƙirƙira, kuma ina alfahari da shi. A aji biyar na bar makaranta, amma a soron gidanmu na Karantina, bayan la'asar, ni ne malamin tarihi.

Sai aka yi rusau, muka komo wani ɗan bene a gefen unguwar Safa ta nan Jidda, hawa na uku, ba soro, ba maƙwabcin da ya san kakanka. Yarinya ta girma a ɗaki da waya a hannu. Ina yi mata Hausa tana mayar mini da Larabci, Larabcin ma a taƙaice: tayyib, halas, ba'den, wato to, shi ke nan, sai an jima. Ba rashin kunya take yi ba, da ma rashin kunya ne da na san maganinsa. Kawai dai ta daina buƙatata. Lissafi ta fi ni, waya ta fi ni, hanyar Jidda ma wayarta ta fi ni. Abu ɗaya ya rage mini: lokaci-lokaci takan leƙo ta tambaye ni wani tsohon gari, kuma in na buɗe baki takan ajiye wayar. Uwarta ta ce har a makaranta ta faɗa wa malamarsu cewa babu tsohon garin da babanta bai sani ba. Wannan ne kaɗai jarina a wurinta, kuma jabu ne.

Disambar da ta cika shekara goma sha shida, muna cin abincin rana, ta ce makarantarsu za ta rufe sati guda, ni ma ta san hawajana sun tafi, tana so in kai ta ɗaya daga cikin garuruwana. Garuruwana, haka ta ce. Na ce mota ta kamfani ce. Uwarta, ba ta ko ɗago kai daga kwano ba, ta ce ai bara da motar na kai ƙanena Madina, takarda kawai kafili, ubangidana na kamfani, ya sa wa hannu. Na ce ai sai mu tafi gaba ɗaya, a je Ɗa'if a sha iska a dawo. Ta ce ita gwiwarta ba ta hawa dutse, kuma tana da ɗinkin biki a gabanta, mu je mu biyu. Matar da na aura shekara goma sha tara, ta san komai, ta tura ni rami tana tauna nama.

Kwana uku muka yi muna zaɓen gari. Uwata ta zo falo da littafi da biro kamar mai ɗaukar ma'aikata, ta zauna a ƙasa ta tanƙwashe ƙafa, ta ce in jero su ɗaya bayan ɗaya, in faɗi alherin kowanne da sharrinsa, ita za ta yanke.

Na fara da Ula, don ita na fi so. Na ce wuri ne na mutunci. Akwai rumfa, akwai banɗaki mai ruwa, akwai masallaci kusa, kuma mutum yakan sami awa huɗu cur ba wanda ya ƙwanƙwasa masa gilashi. Ta rubuta. Ta ce tsohon garin fa, na laka, in ka shiga lungunan ƙanshin me suke yi? Na ce ƙanshin ƙasa mana, laka za ta yi ƙanshin turare ne? Ta rubuta wannan ma. Sai na tuna nisa, na tuna sanyin Disamba a can mai shiga ƙashi, na tuna komai nasu sai an yi ajiyar wuri ta waya, na soke ta da kaina kafin a ƙara mini wata tambayar.

Yanbu na kawo na biyu, na kuma dage a kanta, don ina da dabara. Tsofaffin gidajenta irin na tsohuwar Jidda ne, masu tagogin katako, su kuwa waɗannan na san su, tun ina yaro nake ratsa su in an aike ni kasuwar Bab Makka. Ko makaho ya yi jagora a can. Na ce kusa ce, awa uku da 'yan kai, ga kifi, ga wani Bahaushen Sudan a bakin mauƙif mai shahi da na'ana'a wanda ba a yi kamarsa ba.

"Baba," ta ce, "in gidan katako nake so, ai sai in raka Umma sayen yadi."

Uwarta daga bakin keken ɗinki ta ce ita ma dai ta gani.

Kashegari muka hau maganar Rijal Alma. Nan na saki jiki, don hanyar ta cancanci magana. Na yi mata bayanin gangaren, da yadda ake sauka da giya ba da birki ba, da warin da birki ke yi in jahili ya taka shi tun daga sama har ƙasa, da wani direban bas da na taɓa gani yana zuba wa tayarsa ruwa tana hayaƙi. Na fi minti goma sha biyar. Ta bar ni na gama, sannan ta ce tagogin gidajen wane launi ne. Na ce kala-kala. Ta ce wace kala da wace kala. Na ce duk wadda Allah ya halitta. Ta daɗe tana kallona, ta ciji bayan biro, ta ce tayyib.

Zi Ain na bari ƙarshe, kuma na yi niyyar kashe ta murus. Ba sai na yi ƙarya ba, don na tsane ta tsakani da Allah. Na ce inda muke tsayawa ba inuwar kirki. Dutsen fari ne fat, rana ta dake shi ya juyo maka da ita cikin ido, ko hula biyu ka sa ba barci. Mota takan zama tanda ko a Disamba, don ƙasan tsauni ne, ba sanyi. Mai shahi ba kullum ba. A hanya kuma ga birai, gwaggon biri manya marasa tarbiyya, ɗaya ya taɓa zura hannu ta taga ya ɗauke mini tamis ɗin karyawa, burodi guda cur, ya zauna a kan dutse yana ci yana kallona. Na ce sau tara na je, sau tara na yi nadama.

Ta ja layi biyu a ƙarƙashin sunan. Ta rufe littafi.

"Halas. Nan za mu."

Na ce ba ta ji abin da na faɗa ba ne? Ta ce ta ji sarai, har da birin. Ta tashi ta shige ɗaki.

Da safe na sami uwarta a kicin na ce ta yi wa Allah ta sa baki. Na ce yarinyar nan in ta gane, shi ke nan, na zama direba kawai a gidana ma. Ta ci gaba da yanka albasa. Ta ce, "Malam, shekara goma sha ɗaya kana yi wa yarinya tuwo da garin aro. Yau ta ce a kai ta gona, ni me zan ce?" Na ce ba wa'azi na zo nema ba. Ta ce to ta ƙare, in miƙo mata gishiri.

Kwana biyun da suka rage karatu na yi, irin wanda ban yi ba a aji biyar. Na je na karɓo takardar mota, na ajiye motar a inuwar wani bene nesa da gida, na zauna ciki da waya ina kallon bidiyon Zi Ain ɗaya bayan ɗaya. Wani saurayi mai gemu a gyare yana tafe yana nuna bango yana surutu. Na haddace: a shiga ta nan, a bi dama, masallaci yana ƙasa, idon ruwa yana bayan gonakin ayaba. Na maimaita har na iya. Abin da ban lura ba shi ne saurayin nan yana yanke bidiyonsa, ka gan shi a ƙasa, ƙiftawar ido ka gan shi a sama, ko haki ba ya yi. Da na dawo gida na ce wa Uwata matakalar ba ta da yawa, 'yar kaɗan ce.

Bayan sallar asuba muka kama hanya. Na duba iƙamata, wato katin zama, da tata sau biyu, na duba taya, na duba ruwa. Ta buɗe ƙofar gaba ta tarar da kujerar cike: fulas, darduma, kwalin tishu na ajiya, tsohon tawul. Shekaru ba wanda ya zauna a nan. Ta kwashe su ta watsa baya ta zauna, ta ɗora ƙafa inda ba a ɗorawa.

Hanyar kudu doguwa ce, shimfiɗaɗɗiya, teku na dama yana leƙowa yana ɓuya. Muka tsaya a Lis muka ci ful, dafaffen wakensu, da tamis. Ta yi barci, ta farka, ta sa waƙar da ban gane kanta ba, na ce wannan kuka ne ko waƙa, ta ce duka biyun. Da muka juya wajen duwatsu sai ga birai a bakin titi, ta sa na rage gudu tana tambaya wanne ne nawa. Na nuna mata wani ƙato mai furfura na ce ga ɓarawon can, ya ƙara ƙiba. Ta yi dariya har da buga gwiwa. Rabon da in ji wannan dariyar tun muna da soro. Sai na san abin da zan rasa ke nan.

Wajen sha ɗaya da rabi muka iso. Ga dutsen nan fari, ga gidajen a kansa sun hau juna kamar an jera kwanuka, ga koren ayaba a gindinsa. Na shiga mauƙif, hannuna da kansa ya kai motar gurbin da na saba, can gefe inda ake samun 'yar inuwa bayan azahar.

Abin da ya biyo baya ba ni na yi shi ba, shekara ashirin da biyu ne suka yi. Na kashe mota. Na fita. Na zagaya. Na buɗe ƙofar baya, na ɗan rusuna, na ce wa fulas da darduma da tawul, da Turanci, kada su yi sauri, ina nan. Na rufe ƙofa, na dawo, na zauna, na ja kujera baya. Har na tuɓe takalmi ɗaya.

Aka ƙwanƙwasa gilashi.

Tana tsaye cikin rana da jakarta a kafaɗa, ta haɗe leɓe tana danne dariya. Na sauke gilashi. Duk abin da na haddace ya gudu. Na ce ina gyara takalmi ne. Ta zaro waya ta miƙo mini. Hotuna ne, waɗanda na riƙa tura wa uwarta daga tafiye-tafiyena don a nuna mata, ta tara su wuri guda. Ula, Yanbu, Rijal Alma, Zi Ain, Zi Ain, Zi Ain. Ta ce in duba ƙasan kowanne. Na duba. A kusurwar kowane hoto akwai gefen kwalin tishu, a sama kuma ga jelar carbin da ke rataye a madubi.

"Tun ina aji shida na gane, Baba," ta ce, da Hausa, a hankali, tana taka kalmomin kamar mai tsallaka ruwa. "Kwalin nan ya ga duniya."

Na ce to tunda ta sani, me ya sa ta wahalar da ni kwana uku da littafi da biro?

"Ina neman wanda ba za ka iya barci a mauƙif ɗinsa ba."

Kunya in ta yi wa mutum yawa faɗa take zama. Na ce mata ta je ta gani, ga shi nan, ni ba inda za ni. Na ce duwatsu ne aka ɗora kan duwatsu. Na ce gidan da mahaifiyata ta haife ni, wadda ta ci sunanta, da rijiyarsa da bishiyar darbejiyarsa, ba wanda ya sa masa fitila, ba wanda ya ɗauke shi hoto, rana ɗaya aka mai da shi fili. Ni ba zan hau in yaba gidan kakan wani ba. Na faɗi da yawa, wasu ba na rubutawa ba ne. Ta saurara, ba ta katse ni ba. Da na gama ta zura hannu ta taga, kamar birin nan, ta zare makullin.

"Ban ce ka yaba ba. Ka hau ka zage shi daga kusa. Yalla, mu je."

Ta juya ta tafi da makullina. Mota ba makulli ba sanyi, kuma na riga na faɗa muku yadda wurin yake. Na mai da takalmi.

Allah ya isa tsakanina da saurayin bidiyo. Matakala ce ba iyaka, ta dutse, wata doguwa wata gajeriya, ba ruwansu da gwiwar mutum mai shekara hamsin da ɗaya da ya ƙare rayuwarsa a zaune. Uwata tana gaba kamar akuya, duk kwana sai ta waiwayo ta ce 'yar kaɗan ce, Baba, kai ka faɗa. Na zagi matakalar, na zagi wanda ya ga fili shimfiɗe a ƙasa ya ce shi sai kan dutse. Wata tsohuwa Balarabiya da sanda ta wuce ni ta ce Allah ya ba ni lafiya.

A wani gida da aka bari a buɗe don masu kallo, ta shige, na bi ta, goshina ya daki katakon saman ƙofa, ƙau, har na ga taurari da rana tsaka. Ta juyo ta ga ina dafe da kai, ta kalli ƙofar, ta kalle ni. Ta ce ashe wannan gaskiya ce, ƙofofin da ke sa mutum rusunawa. Na ce wannan ni na ƙirƙire ta a soro, ban san sun ji ba. Ta zauna a ƙasa don dariya.

Ɗakin duhu ne, da sanyi, taga ƙarama kamar tafin hannu biyu. Na jingina da bango ina mai da numfashi. Da idona ya saba sai na ga rufin: itace ne aka jera, sun yi baƙi ƙirin da hayaƙin girkin mutanen da suka daɗe da mutuwa. Ta ce, cikin tsokana, to malam, ƙanshin me yake yi? Na shaƙa don in ba ta amsar banza. Tsohon hayaƙi ne da ƙura da wani abu kamar busasshen ganye. Na ce ƙanshin madafin kakarki.

Ban yi niyyar ci gaba ba. Amma na ce mata madafin nan namu na Karantina rufin kwano ne da katakon akwatunan tashar jirgin ruwa, kuma haka ya yi baƙi, har in an yi ruwa, sau ɗaya ko biyu a shekara, baƙin yakan ɗigo cikin tukunya, tsohuwa ta ce magani ne. Na ce a nan take soya ƙosai tana sayar wa 'yan dako, da Hausa take ciniki da kowa, Bayamale da Bahabashe da Ba'indiye, kuma duk sun koya don dole. Na ce akwai wani ƙusa a bayan ƙofa inda kakana ya rataye gorar da ya zo da ita daga gida, ba a taɓa shan ruwa da ita ba, ba a kuma taɓa sauke ta ba. Uwata ta san gidan, a ciki ta yi rarrafe, amma ba ta san gorar ba. Ta ce ina take yanzu. Na ce ban sani ba, ranar kwashe kaya firiji na sa a gaba. Ba ta taɓa wayarta ba har na gama. Wasu masu kallo suka shigo suka same mu zaune a ƙasa, suka ɗauka ko ma'aikatan wurin ne mu.

Daga can sama ana ganin komai: gonakin, da hanyar da muka biyo, da mauƙif ɗan mitsitsi kamar faranti. Ga motata fara a gefe. Na tsaya ina kallon gurbin da na kwanta sau tara. Tsakaninsa da inuwar ayaba da ruwa mai gudu bai kai tafiyar minti biyar ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini, ni ma ban taɓa tambaya ba. Ta ce in tsaya ta ɗauke ni hoto. Na ce ban shirya ba. Ta ɗauka haka nan, da ƙulu a goshi da baki a buɗe, ta tura wa uwarta. Amsa ta zo nan take, wai ina kwalin tishu, ko an bar shi shi kaɗai.

Muka sauko ta wajen ruwan, na yi alwala a ciki, muka yi sallah a ɗan masallacin. Ban yabi garin ba, kada a ce na yaba. Na dai ce wanda ya gina ya san aikinsa, in ban da ƙofa.

A mauƙif wata baƙar mota ta tsaya kusa da tamu, direbanta ya kwantar da kujera, ƙafa a waje, tawul a fuska. Ban san abin da ya kai ni ba, na yi masa sallama na ce ya hau ya gani, akwai ruwa a bayan ayabar can. Ya ɗaga tawul ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce shi sau shida yana zuwa nan, ba abin da zan faɗa masa game da Zi Ain. Ya mai da tawul. Na ce gaskiyarka, ɗan'uwa.

Ba ta ba ni makullina ba sai da ta ga na zauna. Muka kama hanya, rana tana bayan duwatsu. Ina jiran ta sa abin kunnenta ta koma inda ta saba, tunda malamin tarihi ya mutu a gabanta. Mun wuce biran, mun fito fili, sai ta ɗora ƙafa inda ba a ɗorawa, ta kifa wayar a cinya.

"Baba, mai shahin nan na Yanbu. Me ya kawo shi daga Sudan?"

Na ce wannan dogon labari ne, kuma akwai raƙumi a ciki.

"Na gaske ko naka?"

Na ce raƙumin na gaske ne. Ta ce to in fara, sauran za ta tace da kanta.